Kwanon Inna Fadima

Alhamis, 20 ga Disamba 2007, bayan la'asar

Wannan littafin lissafina ne na aji shida, akwai sauran ganye a baya. A ciki zan riƙa magana, tunda bakina ba ya buɗewa a gaban mutane. Sunana Keziah Dawuda. Duk wanda ya ɗauka ya karanta, Allah na ganinsa.

Jiya aka yi Babbar Sallah. Yau da hantsi Asama'u ta kawo mana soyayyen nama a shuɗin kwano mai murfi na uwarta, Inna Fadima mai ƙosai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Su Musulmi ne, mu Kirista, kuma tun kafin a haife ni kwanon nan yake kai da komo. Da Sallah ya zo da nama, da Kirsimeti ya koma da shinkafa da kaza. Mama ce ta koya mini cewa kwanon maƙwabci ba ya komawa gida ba komai a ciki.

Asama'u ta ce, "Bebiya, Inna ta ce ku riƙe shi har Talata, kada ki zuba mana gyaɗa ki ce kin biya." Bebiya take ce mini tun muna aji ɗaya. Ita kaɗai na yardar wa.

Gwaggo Alice, yayar Baba, ta zo daga Manga don Kirsimeti. Da ba ta nan da Baba ya shige ɗaki da abincinsa yadda ya saba. Amma tana zaune, har ta tura masa kwanon ta ce, "Ci mana Dawuda, dubi wuyanka kamar na zabo." Ya ɗauki tsoka ɗaya. Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye. Sai ya miƙe tsaye yana dukan ƙirjinsa. Na ba shi ruwa, ruwan ya dawo ta hanci. Ya daɗe a durƙushe kafin naman ya fito.

Gwaggo ta ce, "Ka taɓa yin haka?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

Ta juyo gare ni. "Ke fa mai dafa masa? Ya taɓa?"

Baba ya dube ni. Na yi shiru.

Gwaggo ta rufe kwanon, ta ɗaure shi a ɗankwalinta, ta kai ɗaki.

Juma'a, 21 ga Disamba, da safe

Ya taɓa. Ya taɓa, ya taɓa, ya taɓa.

Shekara biyu ke nan. Da farko nama ne kawai. Sai rogo. Da daminar bana har tuwo sai na yi masa ruwa-ruwa, kowace loma sai ya kora da ruwa. Watan Agusta na zagaya bayan rumbu zan kwance akuya, na same shi yana mayar da abincin rana yana rufewa da ƙasa da ƙafarsa kamar kyanwa. Ya kama hannuna ya ce, "Kezi, soja ba ya kuka a gaban jama'a. Rantse ba za ki faɗa wa kowa ba." Ya shiga ɗaki ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Mama, ya sa na ɗora hannu.

Na san abin da yake tsoro. Mama ma da ƙafarta ta shiga mota zuwa asibitin Sakkwato, ba ta dawo ba. Ba zan rubuta sunan cutar ba.

Da ƙusa yake ƙara huda bel ɗinsa. Huji uku na ƙirga.

Lahadi, 23 ga Disamba, bayan coci

Gwaggo ba ta ko jira an gama gaisawa a bakin coci ba. Na ji ta da kunnena tana faɗa wa matan zumunta da yarenmu: "A nama aka sa masa. Loma ɗaya, hanyar abinci ta rufe." Wata ta ce, "Ai daɗewa da mutum ba sanin zuciyarsa ba ne." Wannan matar kullum da safe a layin ƙosan Inna Fadima nake ganinta, har gyara take roƙo.

Ina tsaye da jakar Gwaggo a hannu. Na yi shiru.

Baba ya ji komai. Ya gyara hularsa ya wuce gaba kamar ana fareti.

Talata, 25 ga Disamba, da azahar

Na dafa shinkafa. Na yanka kaza da kaina tunda Baba ya ce hannunsa ba ƙarfi. Na je ɗaki zan ɗauko kwanon, Gwaggo ta ce, "In kika taɓa shi sai na karya miki yatsu."

Na ce to in zuba a namu in kai.

"Ki kai wa wa? Masu neman ran ubanki?"

Asama'u ta leƙo ta kan katanga wajen sau uku. Na uku ta ce, "Bebiya, kazar taku tashi ta yi?" Tana dariya. Ba ta ji ba tukuna. Na shige madafi na zauna a bayan ƙofa har ta sauka.

Baba kunu ya sha. Ranar Kirsimeti.

Laraba, 26 ga Disamba, da yamma

Sun ji.

Alhamis, 27 ga Disamba, da hantsi

Inna Fadima ta shigo da sallama, hannunta duk ƙullun wake. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Alice, mi na yi muku? Ni na yi wa uwar yarinyar ga wankan jego. Naman da kuka ci shi muka ci, har jikana ya ci."

Gwaggo ta ce, "Ni ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as."

Inna Fadima ta dubi ƙofar ɗakin Baba. Labule a sake. Takalmansa na bakin ƙofa, kowa na gani. Ta ce, "Saja, kana ciki?" Mutumin da ya ce ya yi yaƙi a Laberiya, ya kwanta a bayan labule don kada ya fuskanci mai ƙosai.

Sai ta juyo gare ni. "Ɗiyata, ke ma?"

Na dubi ƙasa.

Ta goge hannunta a zane ta fita. Ko kwanonta ba ta tambaya ba.

Ina jin haushin Gwaggo. Ina jin haushin Baba fiye da ita, don ita aƙalla ta yarda da abin da take faɗa. Akwai wadda nake jin haushinta fiye da su biyun.

Asabar, 29 ga Disamba, da yamma

Gwaggo ta ɗauki Baba a mota zuwa Kanya wurin wani mai duba. Mai zuwa coci da farin mayafi! Sun tafi da kwanon. Sun dawo da garin magani a ƙullin leda, da kwanon, an huda gindinsa da ƙusa wuri biyu. Wai don abin da ke ciki ya mutu. Mutumin ya ce a kife shi a binne a inda rana ba ta daɗewa.

Gwaggo ta zaga gidan duka ta zaɓi bayan rumbu. Tana haƙa tana cewa, "Ƙasar nan laushi gare ta." Ni na san abin da ya sa ta laushi. Baba ma ya sani. Yana tsaye yana riƙe mata fartanya.

Maganin na amai ne. Mutumin da abinci ba ya shiga cikinsa aka ba maganin amai.

Litinin, 31 ga Disamba, da safe

Daga ƙofarmu ana ganin kaskon Inna Fadima. Da kafin rana ta ɗaga ta kwashe ta wanke. Yau har hantsi ƙosai na nan tuli a faranti. 'Yan acaɓa biyu ne kawai suka tsaya. Mutanenmu suna tsallaka titi su bi ta ɗaya gefen, har yara an hana.

Malam Maharazu, mijinta, shekara nawa suna buga dara da Baba a gindin darbejiya kowace la'asar. Ramukan darar na nan, akuya ta zuba kashi a ciki.

Alhamis, 3 ga Janairu 2008, da rana

Na haɗu da Asama'u a famfo. Ta ce, "Keziah, matsar da bokitinki." Keziah. Tunda nake ba ta taɓa kirana haka ba.

Juma'a, 4 ga Janairu, da yamma

Kunun ma sai na tace sau biyu.

Na ce masa, "Baba, ka sake ni daga rantsuwar nan." Ya ce, "Me zai ƙara? Maganar mata ce, za ta wuce." Na ce, "Ba a sayen ƙosanta." Ya ce, "Yaushe kika fara mayar mini da magana?"

Na fita na wanke tukunyar da na riga na wanke, har hannuna ya yi ja.

Lahadi, 6 ga Janairu, da la'asar

Yaya Joel ya zo daga barikinsu na Kaduna. Fasto ne ya aika masa. Da ya ga Baba ya ajiye jakarsa a ƙasa. Sai ya ga ƙullin maganin Kanya a kan taga, ya shinshina, ya watsa wa kaji.

Gwaggo ta ce, "Kai yaro ne, ba ka san duniya ba."

Ya ce, "Gwaggo, na san mutum in yana mutuwa. Jibi asibiti."

Baba ya ce ba inda za shi. Yaya ya ce, "Yallaɓai, ko da ƙafarka ko a kafaɗata. Zaɓi wanda unguwa za ta gani." Baba ya zaɓi ƙafa.

Kaji biyu sun yini suna layi.

Talata, 8 ga Janairu, da yamma

A asibitin garinmu sun auna shi sun ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ce akwai wata inuwa da bai gane ba, kuma ba su da kayan da za su leƙa hanyar abinci. Ya rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato.

Da Baba ya ji Sakkwato sai ya zauna a kan benci ya daɗe yana ɗaure igiyar takalminsa da take a ɗaure.

Ni ma za ni, don ni na iya dama kunun da yake iya sha.

Alhamis, 17 ga Janairu, da hantsi

Jiya muka dawo ni da Gwaggo. Yaya ya zauna da Baba a can. Ban tafi da littafin nan ba, bari in rubuta duka kafin in manta.

Ranar Litinin muka ga likita, wani dogo mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta su Inna Fadima. Ranar Talata aka ba Baba wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, yana haɗiya ana ɗaukar hoto. Da azahar likitan ya kira mu, ya manna hoton a jikin fitila. Na ga farin ruwan ya sauko kamar igiya, ya iso tsakiyar ƙirji ya kauce gefe ya siranta, kamar hanya ta ci karo da dutse ta zagaye shi.

Ya ce, "Saja, akwai ƙari a nan, ya kai ƙwan kaza. Tun yaushe abinci ke tsaya maka?"

Baba ya ce, "Tun Sallah."

Gwaggo ta ce, "Tun naman Sallah, likita. Rubuta haka."

Likitan ya ajiye biro. Ya ce, "Ku gaya mini gaskiya, don amsar tana da nauyi. In cikin sati huɗu mutum ya rame haka, to ina jin tsoro. Mugun ƙari shi ke gudu. In kuwa shekaru ya yi yana tafiya a hankali, wannan wani labari ne."

Fanka na juyawa. Baba na kallon bango. Na ga ya gwammace a ce masa mutuwa zai yi da a ce ya yi ƙarya.

Likitan ya ce, "Wa ke dafa mishi abinci?"

Yaya ya nuna ni.

"Ƙanwata, tun yaushe?"

Na dubi hannuna na dama, wanda na ɗora a kan Littafin. Na ce a raina, Allah in za ka kama ni ka kama ni, amma ka fara da wanda ya sa ni. Na ce, "Shekara biyu." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Ya ce in ƙara faɗa. Na ƙara. Daga nan ban san yadda aka yi ba, bakina ya ƙi rufuwa. Na faɗi nama, na faɗi rogo, na faɗi tuwon ruwa-ruwa, na faɗi bel da ƙusa, na faɗi bayan rumbu. Na ce, "Ba naman Inna Fadima ba ne. Bai taɓa zama naman Inna Fadima ba." Likitan bai san wace ce Inna Fadima ba amma ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Yarinyar ga ta ba ni labari mafi daɗi da na ji yau."

Baba bai dube ni ba. A waje ya ce wa Yaya, "Ka sa ta a mota ta koma gida." Ta bakin Yaya. Ina tsaye kusa da shi.

Washegari da safe, kafin mu taso, sun zura masa wata doguwar roba mai fitila a baki ta maƙogwaro. Likitan ya ce fatar cikin hanyar lafiya lau take, sumul, ƙarin a ƙarƙashinta yake, cikin naman da ke matsa abinci ƙasa, kamar dutse a ƙarƙashin tabarma. Ya ce da gangan bai tsinko komai daga jikinsa ba, don kada ya yi wa fatar rauni aikin ya yi wuya. Ya ce irinsa ba ya yawo a jiki, ɗan'uwan ƙarin da ke fito wa mata a mahaifa ne. Yaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Baba ya ce, "Kofur, me ke ba ka dariya?" Yaya ya ce, "Babu, Yallaɓai."

Za su ƙara wani hoto, sannan su buɗe ta gefen haƙarƙarin dama su ɓare shi su fitar. Ba za a tabbatar ba sai an kai shi an gwada.

A mota Gwaggo ta ce, "Ai sammu ne ke zama ƙari." Na ce, "Sammun Disamba ya koma baya shekara biyu?" Duk motar aka juyo. Ta ce, "Wa ya buɗe miki baki?" Wannan karon ban dubi ƙasa ba.

Asabar, 19 ga Janairu, da safe

Gwaggo ba ta faɗa wa matan zumunta abin da likita ya ce ba. Ta ce musu kawai, "An ga abin a hoto." Suka ce, "Ka ji ko."

Lahadi, 20 ga Janairu

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo. Ƙarya ce, kuma ban damu ba, gidanmu ai an saba.

Alhamis, 24 ga Janairu, da la'asar

Yau ne aikin. Tun asuba Gwaggo ke durƙushe a ɗaki tana addu'a tana kuka, tana kiran sa da sunan da take kiran sa suna yara. Ita ta goye shi. Na so in ji tausayinta, na ji kaɗan, sai na leƙa na ga kaskon ƙosai.

Wajen ƙarfe uku aka yi sallama. Asama'u ce a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce, "Keziah, ana kiranku a waya." Duk layinmu Malam Maharazu ne kaɗai mai waya, kuma lambarsa ce kaɗai Yaya ya haddace.

Gwaggo ta ce, "Ni ba zan taka gidan nan ba." Na ce, "To zauna." Na tafi.

Malam na zaune a kan keken ɗinkinsa a zaure. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Yaya ya ce an fito, awa uku aka yi. Ya ce an ɓare shi tsaf bai fasa fatar hanyar ba. An nuna masa a kwalba, fari-fari, mai tauri, kamar dafaffen ƙwai da ya lanƙwashe. Baba na barci, akwai roba a hancinsa da wata a haƙarƙari, ba zai ci komai ta baki ba sai bayan kwanaki.

Na mayar da wayar. Malam ya ce, "Alhamdulillahi. Saja ba ya mutuwa da bashin dara biyu a kansa." Yana dariya amma ya cire tabarau yana gogewa.

Inna Fadima na tsaye a ƙofar tsakar gida. Da na tafi kawai da ya fi sauƙi. Na ce, "Inna, shekara biyu yana fama. Na sani. Ranar da kika tambaye ni, na sani."

Asama'u ce ta ce, "Kin sani?"

Na ce ya sa na rantse.

"Kin sani, kina kallo ana tsallake uwata a titi kamar kashi? Sati biyar?"

Na ce e.

Ta ce, "Ashe ba kunya ba ce ke hana ki magana." Ta shige ciki.

Inna Fadima ta ce, "Je ki gida, ɗiyata. Gwaggonki na jiran labari."

Juma'a, 25 ga Janairu, da safe

Na haƙo kwanon. Gwaggo na kallo ta taga. Ya fara tsatsa a bakin hujin. Na wanke shi da toka sau huɗu.

Laraba, 30 ga Janairu, da yamma

Malam da kansa ya kawo saƙo bakin ƙofa. An sake ba Baba ruwan hoto, ya wuce sambai, babu inda ke yoyo. An cire robobin. Ya sha shayi, ya sha kunu, yana faɗa da nas a kan a ba shi tuwo.

Asama'u ta canja lokacin zuwa famfo.

Asabar, 9 ga Fabrairu, da la'asar

Sun dawo. Yana tafiya a karkace, hannu a haƙarƙari. Sakamakon gwajin ya fito.

Ba daji ba ne. Ga shi na rubuta. Ba ciwon daji ba ne.

Mutane sun cika gidan. Kowa "Mun gode Allah, Saja." Ya ɗaga riga yana nuna ɗinki kamar lambar yabo. Wani ya ce, "Maƙiya sun ji kunya." Baba ya yi murmushi. Murmushi! Na ajiye butar shayi da ƙarfi har murfin ya faɗi.

Talata, 12 ga Fabrairu, da rana

Na kai masa faten dankali, na ajiye kwanon Inna Fadima kusa da farantin. Ya dubi hujin. Ya ce, "Kin karya rantsuwa."

Na ce, "Na karya. Ka haɗiye faten?"

Ya haɗiye. Ya ƙara haɗiyewa. Ya ce, "Muryar uwarki ce wannan."

Na ce, "Da Mama ce, da ta mayar da kwanon."

Da na dawo ɗaukar faranti, kwanon ba ya nan.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Gwaggo ta koma Manga. Da za ta hau mota ta danƙa mini kazarta ɗaya ta ce, "Ki san yadda za ki yi da ita." Ba ta ce a ba wa ba. Ita ma ba ta iya ba. Ashe a jininmu yake.

Asabar, 23 ga Fabrairu, da hantsi

Jiya Baba ya karɓo kwanon daga wurin mai gyaran fitila a kasuwa. An like hujin da dalma, tabo biyu kamar idanu. Ya ce in tashi da wuri in dafa shinkafa da kazar Gwaggo.

Na ce, "Ni zan kai?"

Ya ce, "Ke za ki riƙe murfi."

Ya sa rigarsa ta coci. Bai bi ta zaure ba, ya nufi bakin titi inda take suya, lokacin da mutane suka fi yawa, masu zuwa kasuwa da masu jiran acaɓa. Matar nan ta zumunta ma tana can gefen titi. Ya tsaya a gaban kaskon da kwano a hannu biyu, yana karkace.

Ya ce, "Fadima, ga Kirsimetinku. Ta makara."

Ta ci gaba da juya ƙosai. Ta ce, "Wata biyu, Saja. Daga Ikko aka aiko ta?"

Ya ɗaga murya yadda na can gefe za su ji. "Ciwona ya girmi namanki da shekara biyu. Na sani na yi shiru, na sa yarinya ta yi shiru. Laifina ne."

Ta tsame ƙosan, ta ajiye matsami, ta karɓi kwanon ta juya shi ta dubi likin. Ta kira Asama'u ta ce ta juye shinkafar, ta faɗa mata wani abu a kunne. Asama'u ta dawo da kwanon, da tsoka uku a ciki, baƙaƙe, busassu. Sauran naman Sallah ne, wanda take ajiyewa a cikin mai.

Inna Fadima ta ce, "Ba ya komawa ba komai a ciki. Shi ne dai naman. Ci."

Likita ya ce ya bi nama a hankali. Na buɗe baki zan faɗa, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya zauna a kan bencin masu saye. Ya yagi kaɗan ya tauna. Ya daɗe yana taunawa, har wani ɗan acaɓa ya kashe mashin. Ni wuyansa nake kallo. Ya haɗiye. Ya jira. Ya buɗe baki ya nuna mata kamar yaron da aka ba magani.

Malam Maharazu ya leƙo daga zaure ya ce, "Saja, an ce ciwon mata aka ciro maka. Namiji ne ko mace? Yaushe suna?" Titi duka ya ɗauki dariya, har Baba ya riƙe haƙarƙari yana cewa a bari, ɗinki.

Matar zumunta ta tsallako ta ce a zuba mata ƙosai. Inna Fadima ta zuba mata daidai, ba gyara.

Ni ban yi dariya ba. Har yanzu ina jin haushi, ban san ranar da zai ƙare ba. Ina tsaye da murfi a hannu kamar wawiya. Asama'u ta zo ta fizge shi ba ta dube ni ba. Ta yi taku biyu ta tsaya.

Ta ce, "Shinkafar ba gishiri, Bebiya."

Na ce, "Ƙarya kike yi." Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji.